Me ya sa wadda aka yi wa fyaɗe ce take rasa matsayinta, wanda ya yi kuma yana nan yana harkokinsa?

Malamar_Aji:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na kawo ta nan. Shekarata 14 ina koyarwa, kuma a zangon da ya wuce wata ɗalibata 'yar shekara 15 ta daina zuwa makaranta ba tare da an faɗa mana dalili ba. Ita ce ta fi kowa iya lissafi a ajin, irin yaran nan da suke ɗaga hannu tun malami bai gama rubuta tambaya a allo ba. Da na matsa da tambaya, sai mahaifiyarta ta ja ni gefe ta shaida min, murya ƙasa-ƙasa, cewa wani mutum da yake shiga gidansu kamar ɗan gida ne ya yi mata fyaɗe, don haka sun tura ta wajen dangi a wani gari har ƙura ta lafa. Littafinta na aiki yana nan a durowar teburina, ta tsaya a tsakiyar wani lissafi da ba ta ƙarasa ba. Shi kuwa mutumin yana nan yana harkokinsa, ana gaishe shi yana amsawa.

Tambayata ita ce, ta yaya wadda aka zalunta take rasa karatunta da ɗakin uwarta da ƙawayenta da mutuncinta a idon jama'a, wanda ya yi zaluncin kuma ko gezau? Ina kuma so in ji ko ni kaɗai nake ganin cewa abin bai tsaya a kanta ba, yana taɓa matsayin kowace mace da take kusa da ita.

Baban_Hanan:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba ke kaɗai ba ce, kuma zan fara da kaina. Da na ji wani labari irin wannan shekara biyu da suka wuce, abin da na fara yi shi ne na hana 'ya'yana mata biyu zuwa darasin da suke zuwa da yamma, na bar yayansu namiji yana zuwa. A lokacin ina ganin kariya nake ba su. Sai da sakamakon jarrabawa ya fito na gane cewa laifin wani mutum da ba su ma san shi ba ya ci musu shekara guda ta karatu, kuma da hannuna aka yi.

Mai_Ƙididdiga:
Yana da kyau mu san girman abin da muke magana a kai. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya, wato mata kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i daga miji ko saurayi, ko kuma cin zarafi ta hanyar jima'i daga wani daban. A watan Oktoba na 2024 kuma UNICEF ta ce mata da 'yan mata fiye da miliyan 370 da suke raye a yau, ɗaya cikin takwas ke nan, an yi musu fyaɗe ko makamancinsa tun ba su cika shekara 18 ba. Waɗannan alƙaluma an samo su ne daga matan da suka yarda suka amsa tambayar masu bincike. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a yawancin ƙasashe, matan da suke neman taimako bayan an ci zarafinsu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma a cikin waɗanda suka nema, masu zuwa wajen 'yan sanda ba su kai kashi 10 ba. Ɗalibar Malama ba za ta taɓa shiga lissafin kowa ba.

Dattijon_Zaure:
Allah ya saka wa wannan yarinya, ya kuma tona asirin azzalumi. Amma ina roƙon a saurare ni da kyakkyawar fahimta. Iyayen da suka ɗauke ta ba ƙiyayya ce ta sa su ba, sun san bakin mutane ne, sun san cewa idan magana ta fita har ƙannenta sai an goranta musu ranar da aka zo neman aurensu. Rufin asiri rahama ne. Sannan kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Irin shigar da ake yi yanzu da yawon dare da sakin fuska ga kowane namiji suna buɗe ƙofar da ya kamata a ce a rufe take. Rigakafi ya fi magani.

Jinyar_Dare:
Baba Dattijo, da girmamawa nake magana, amma ba zan iya barin wannan karin maganar ta wuce ba. Shekara 11 na yi ina aikin jinya a ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa. Na karɓi yarinyar da ba ta kai shekara 5 ba, na karɓi tsohuwar da ta haura 60, na karɓi matar aure da aka shiga har ɗakinta, na karɓi wadda aka kawo ta sanye da suturar da ko tafin hannunta ba a gani. Wane wari ke nan? Kuma mafi yawansu ba a hanya aka tare su cikin duhu ba. Wanda suka sani ne, maƙwabci ko malami ko ɗan'uwa ko maigida a wajen aiki, mutumin da aka koya musu su gaishe shi da ladabi. Ita kanta yarinyar da Malama ta ba da labari, a gidan ubanta abin ya same ta.

Game da rufin asiri kuwa, ga abin da yake jawowa a wajenmu. Akwai maganin da yake hana kamuwa da ƙwayar cutar HIV idan an fara sha cikin awa 72, ana shan sa tsawon kwana 28. Akwai maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa da yake aiki har zuwa kwana 5, kuma gara a sha da wuri. Akwai allurar rigakafin ciwon hanta da maganin cututtukan sanyi. Shaidar da likita zai iya tattarawa kuma tana tafiya da zarar an yi wanka an wanke tufafi. To kwanakin nan da suka fi kowanne muhimmanci su ne iyali suke ƙarar da su a taron dangi, ana shawarar yadda za a yi kada kowa ya ji. Sai bayan wata uku ko huɗu a kawo mana yarinya da ciki. Ba zan manta wata uwa ba, ta riƙe hannuna gam a bakin ƙofa, 'yarta tana kwance tana rawar jiki, tambayar da ta fara yi min ita ce, "Mijin da zai aure ta zai gane?" Ban ga laifinta ba, don na san abin da take tsoro, amma ranar na koma gida na kasa barci.

Ummu_Sumayya:
Anti Jinya ta gama magana. An bar jaki ana dukan taiki. Tun muna yara ake mana huɗubar yadda za mu tsare kanmu, ban taɓa jin an zaunar da yayyena maza an yi musu huɗubar yadda za su tsare mutuncin 'yar wani ba.

Ɗalibin_Fiƙihu:
Ina so in cire addini daga cikin abin da ake fakewa da shi. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya bayyana cewa macen da aka tilasta babu wata uƙuba a kanta, haddi yana kan wanda ya tilasta ta, kuma zai biya ta sadakin irinta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin matar da wani ya afka mata a hanyarta ta zuwa salla a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta ɗaga murya, ta kai ƙara a bainar jama'a, kuma aka ce mata ta tafi Allah ya gafarta mata. Ba a tambaye ta abin da ya fitar da ita ba. Alƙali Ibnul Arabi, malamin Malikiyya, ya tafi a kan cewa wanda ya tare mace ya ƙwace ta da ƙarfi ɗan fashi ne, har ya ce fashin farji ya fi fashin dukiya muni. Suturta Musulmi da aka kwaɗaitar kuwa ba ta nufin a bar mai cutar da mutane ya ci gaba da cuta. Idan rufin asirin ya zama azzalumi ne yake amfana da shi, wadda aka zalunta kuma ita ake kora, to sunansa ya canza.

Lauyar_Mata:
Malama, amsar tambayarki tana cikin tarihin doka. A wurare da yawa na duniya, an daɗe ana ɗaukar fyaɗe a matsayin laifin da aka yi wa uban mace ko mijinta ko sunan gidansu, ita kuma kamar kaya ce da aka rage wa daraja. Wanda yake kallon abin haka, gyaran da zai nema shi ne a biya diyya ga iyali ko a rufe ɓarakar da aure, ba ya tunanin abin da ita ta ji.

A Italiya a da akwai dokar da ta ce idan wanda ya yi fyaɗe ya auri wadda ya yi wa, laifin ya faɗi. A ƙarshen 1965 aka sace wata yarinya 'yar shekara 17 a tsibirin Sisili mai suna Franca Viola, aka tsare ta kwanaki ana cin zarafinta, kowa yana jiran a ɗaura aure a wuce wajen. Ta ce ba ta yi, mahaifinta ya tsaya mata duk da barazanar da aka yi ta yi wa gidansu, aka kai mutumin kotu aka ɗaure shi. Duk da haka sai a 1981 aka soke waccan doka, kuma sai a 1996 Italiya ta daina lissafa fyaɗe cikin laifuffukan ɓata tarbiyyar jama'a ta mayar da shi laifin da aka yi wa mutum. A Maroko, Amina Filali tana da shekara 16 ta kashe kanta a 2012 bayan an aurar da ita ga mutumin da ta ce ya yi mata fyaɗe, aka gyara sashe na 475 na dokar ƙasar a 2014. Tunisiya da Jodan da Labanan duk sun soke irin wannan doka a 2017. Ku duba shekarun nan, jiya-jiya ne. Soke doka a majalisa aikin rana ɗaya ne, amma tunanin da ya haifi dokar yana nan a zukatan iyaye da 'yan sanda da alƙalai, shi ne yake fitowa a kalmar "a sasanta".

Abin da na fi so ku riƙe a labarin Franca shi ne mahaifinta. A shari'o'in da na riƙe, da wuya in ga yarinya ta kai ƙarshen shari'a idan babu wani babba a gida da ya tsaya a bayanta.

Dattijon_Zaure:
Na karanta abin da 'yata ma'aikaciyar jinya ta rubuta har sau biyu, kuma na janye karin maganar. Ba ta dace da wannan wuri ba. Sai dai har yanzu akwai abu biyu da suke damuna. Na farko, na san mutumin da aka yi wa ƙazafi irin wannan saboda gaba, kafin gaskiya ta fito ya rasa aikinsa da lafiyarsa. Na biyu, idan muka ce a fito a faɗa, wa zai zauna da yarinyar bayan jama'a sun watse? Masu cewa a yi magana yau, gobe su ne za su hana ɗansu aurenta.

Ba_Suna:
Na buɗe wannan asusun ne don in yi magana a nan kawai. Ina da shekara 22 abin ya same ni, a wajen aikina na farko, daga hannun wanda yake sa hannu a takardar albashina. Ban yi ihu ba, ban yi kokawa ba. Jikina ne ya sandare kamar ba nawa ba, ina kallon agogon bango har aka gama. Wannan shi ya fi ci min rai shekara da shekaru, don na san tambayar farko da za a yi min ita ce me ya hana ni ihu, kuma ni ma ban san amsar ba.

Bayan mako biyu na ajiye aikin, na ce wa mutanen gida nisa ne ya yi min yawa. Malama tana tambaya game da matsayi, to bari in lissafa mata nawa. Na rasa aikin da na yi shekara huɗu ina karatu dominsa. Na ƙi karɓar aiki biyu bayan nan saboda maza ne shugabannin wajen. Ni da nake jagorantar muhawara a makaranta na koma wadda take zama kusa da ƙofa a kowane taro, ba ta cewa uffan. Ba wanda ya kore ni daga ko'ina, ba wanda ya ma sani, ni da kaina na yi ta janye jiki har na zama ba a jin ɗuriyata. Shi kuwa an yi masa ƙarin girma sau biyu, ina gani a Facebook.

Shekara 9 ban faɗa wa kowa ba. Ranar da na faɗa wa ƙanwar mahaifiyata, na shirya wa tambayoyi, sai kawai ta ce, "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne." Daga nan na fara ganin likitar ƙwaƙwalwa. Baba Dattijo, tambayarka ta biyu gaskiya ce, kuma ina roƙon masu cewa dole kowace mace ta fito ta faɗa su yi hattara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda aka ƙwace wa zaɓi sau ɗaya, kada a sake ƙwace mata da sunan taimako. Abin da nake so shi ne idan ta zaɓi yin magana, ta sami inda za ta faɗa a yarda da ita.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Allah ya ƙara miki lafiya da ƙarfin zuciya, 'yar'uwa. Ina sanar da kowa cewa ba a yarda wani ya bi ta da saƙo ta bayan fage yana neman sanin ko wace ce ba, kuma duk wanda ya kawo sunan wani ko hoton wani a wannan muhawara za a goge.

Jinyar_Dare:
'Yar'uwa Ba_Suna, abin da ya sami jikinki sananne ne a likitance. Idan tsoro ya kai maƙura, ƙwaƙwalwa takan kulle jiki ta hana shi motsi da magana, ba da zaɓin mutum ba. A wani bincike da aka wallafa a 2017 a Suwidin, an tambayi mata 298 da suka je asibiti a birnin Stockholm bayan an yi musu fyaɗe, kashi 70 cikin 100 suka ce sun sami wannan sandarewar. Ke ce mai rinjaye, masu iya ihu su ne kaɗan. Wannan na cikin dalilan da suka sa Suwidin a 2018 da Sifaniya a 2022 suka gyara dokokinsu, aka daina neman mace ta nuna raunin kokawa, aka koma tambayar ko ta amince.

Tsohon_Ɗan_Jarida:
Zan ɗan kai mu fagen yaƙi, domin a can ne ake ganin amsar tambayar Malama tsirara. A kisan ƙare dangin Ruwanda na 1994, an ƙiyasta cewa mata tsakanin 250,000 zuwa 500,000 aka yi wa fyaɗe cikin kusan kwana 100. Masu shirya irin wannan ta'asa sun san abin da suke yi. Sun san cewa miji zai guje ta, dangi za su ƙyamace ta, ɗan da ta haifa za a riƙa kiran sa ɗan maƙiya, don haka su farkon aikin kawai suke yi, jama'arta ce take ƙarasa musu. Da al'umma ba ta juya wa matan baya, da makamin bai yi kaifi haka ba.

A 1998 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta sami Jean-Paul Akayesu, shugaban ƙaramar hukumar Taba, da laifi, kuma a karon farko aka yanke cewa fyaɗe yana iya zama hanyar kisan ƙare dangi. Tun farko ma babu fyaɗe a cikin tuhumar da aka yi masa. Shaidu mata ne suka ambace shi, Navi Pillay wadda ita kaɗai ce mace a cikin alƙalan uku ta bi diddigin maganar, sannan aka gyara tuhumar. A 2008 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1820 da ya amince cewa ana amfani da fyaɗe a matsayin dabarar yaƙi. A 2018 aka ba Dakta Denis Mukwege da Nadia Murad, 'yar Iraƙi mai fafutukar yaƙi da fyaɗe a fagen yaƙi, lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Shi Mukwege ya kafa asibitin Panzi a Bukavu da ke gabashin Kwango a 1999, kuma bai tsaya ga tiyata ba, ya haɗa da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da taimakon lauyoyi da koyar da sana'a, saboda ya ga yana ɗinke mace ta warke amma ba ta da gidan komawa.

Mai_Nazarin_Harshe:
Ku lura da yadda muke faɗar abin. Muna cewa "an lalata ta", "an ɓata ta", "ta rasa mutuncinta". Wannan "an" ɗin ya ɓoye mai laifin gaba ɗaya, sai ita kaɗai ta rage a cikin jimlar, kuma ta rage a matsayin lalatacciya. Kaya ne yake lalacewa. Yarinyar da ta ji ana cewa an lalata ta, ta riga ta ji hukuncin da aka yanke mata tun kafin a je kotu. Ni dai na koya wa bakina cewa "wane ya yi mata fyaɗe" ko "wane ya ci zarafinta", kuma idan za a yi maganar wanda ya zubar da mutunci, shi ne.

Lauyar_Mata:
Baba Dattijo, ƙazafi yana faruwa, zalunci ne, kuma doka tana hukunta mai yin sa. Amma binciken da aka yi a kan ƙararrakin da aka kai wa 'yan sanda a Ingila da Amurka ya nuna cewa waɗanda aka tabbatar ƙarya ne kaso ne ƙarami, kuma ka tuna da abin da Mai_Ƙididdiga ya kawo, yawancin matan ba sa kai ƙara ko kaɗan. Maganin ƙazafi shi ne bincike na gaskiya da wuri, wanda yake wanke marar laifi ya kama mai laifi. Taron sasanci a ɓoye ba ya wanke kowa, yana barin zargi yana yawo a kan mutumin kirki, yana kuma sakin mugu. Idan na ce a yarda da ita, ina nufin a saurare ta, a kai ta asibiti, a buɗe bincike kamar yadda ake yi wa wanda ya ce an yi masa fashi, ba tare da an fara tuhumar sa da me ya sa ya mallaki dukiya ba.

Abu_Yasir:
Ina da tambaya a kan alƙaluman farko. Na ga an haɗa da abin da miji ya yi wa matarsa. Shin wannan ma ana lissafa shi a nan?

Lauyar_Mata:
Ana lissafa shi, kuma shi ne kaso mafi girma a rahoton, mata kimanin miliyan 641 idan an haɗa duka da tilastawa. Dokokin ƙasashe sun bambanta a kai. Ingila sai a 1991 kotunta ta ƙoli ta ce aure ba kariya ba ne ga mai tilasta wa matarsa, Jamus kuma sai a 1997. Magana ce mai faɗi da ta cancanci muhawararta daban, kada mu bar tambayar Malama.

Hajiya_Mai_Ɗinki:
Ni ina da mata 12 da suke aiki a ƙarƙashina, kuma abin da Baban_Hanan ya faɗa tun farko shi ne nake gani kullum. Duk ranar da labarin fyaɗe ya bazu, a cikin makon sai miji ko uba ya kira ni ya ce wance ta daina zuwa, ko ta riƙa tashi da wuri. Mafi ƙwarewa a cikinsu haka na rasa ta. Ba a taɓa ta ba, tsoro kaɗai ya zaunar da ita a gida, yanzu ko kuɗin maganin ɗanta sai ta roƙa. Macen da ba ta da abin hannunta kuma ita ce wadda ba ta iya barin inda ake cutar da ita, kun ga abin zagaye yake yi. Na ji cewa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 a 2019 kan cin zarafi a wajen aiki, amma ma'aikatana ba a cikin shago suke jin tsoro ba, a hanya ne da cikin abin hawa.

Ummu_Sumayya:
Hajiya, ai abin da ya faru a Delhi ke nan a watan Disamba na 2012, a cikin motar bas aka afka wa ɗalibar nan 'yar shekara 23, ta rasu bayan kusan mako biyu, jama'a suka cika tituna har Indiya ta tsaurara dokarta a 2013. Ni kuma wadda ta tsaya min a rai ita ce Gisèle Pelicot ta Faransa. Mijinta ya yi kusan shekara 10 yana zuba mata maganin barci yana gayyato maza. Doka ta ba ta damar a yi shari'ar a asirce, ta ce a buɗe ƙofa kowa ya gani, domin kunyar ta masu laifin ce. A watan Disamba na 2024 kotu a Avignon ta sami maza 51 da laifi, mijin ya sami ɗaurin shekara 20. A cikinsu akwai direbobi da ma'aikacin jinya da ɗan kwana-kwana da ɗan jarida, magidanta masu 'ya'ya. Amma ina tare da Ba_Suna, ita ce ta zaɓa, kuma tana da hujjar bidiyo da 'yan sanda suka gano, abin da yawancin mata ba su da shi.

Baban_Hanan:
Daren jiya na zaunar da ɗana mai shekara 17 muka yi maganar da ban taɓa yi da shi ba. Na ji nauyi sosai, shi ma ya yi ta kallon ƙasa. Da na tambaye shi ko ya taɓa jin abokansa suna alfahari da irin wannan, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce e, kuma bai taɓa ce musu komai ba don kada su ce shi ba namiji ba ne. Ƙannensa kuma za su koma darasinsu ranar Litinin, ni zan riƙa kai su ina ɗauko su.

Malamar_Aji:
Na gode muku duka, musamman 'yar'uwa Ba_Suna. Na kira mahaifiyar yarinyar yau da safe. Ta ce ba a kai ta asibiti ba tun lokacin, wata huɗu ke nan, kuma ba ta cin abinci sosai, ba ta son a kashe fitila da dare. Ta amince in aika mata da littattafanta, ta kuma ce ita a ranta tana so 'yarta ta koma karatu ko da a wata makarantar ce, amma mahaifin ya ce kada a sake tayar da maganar a gidansa. Mutumin kuma har yanzu yana shiga gidajen da suke da 'yan mata. Ban san ta inda zan fara ba, asibiti ko uban ko hukuma.

Jinyar_Dare:
Asibiti, Malama, cikin makon nan. Lokacin magungunan gaggawa ya wuce, amma gwajin ciki da na cututtuka da ganin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa duk suna nan, kuma rashin barcin nan da ƙin cin abinci alamu ne da ba a wasa da su. Ki tabbata an tambayi ita yarinyar abin da take so kafin a yanke komai a kanta.

Lauyar_Mata:
Tunda yarinyar ba ta kai shekara 18 ba, kuma akwai wasu yaran a cikin haɗari, ki duba ƙa'idar makarantarku da dokar inda kike, domin a ƙasashe da yawa wajibi ne malami ya sanar da hukumar kare yara. Ki rubuta ranakun da abin da uwar ta faɗa miki tun yanzu, ki adana a inda ba wanda zai gani.

Dattijon_Zaure:
Malama, maganar uban kada ki tunkare shi ke kaɗai, zai ji kamar an zo tona masa asiri ne ya ƙara ƙulle ƙofa. Ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, wanda bakinsa yake da sakata, ya same shi su biyu. Mutumin nan ina jin kunya da tsoro ne suka danne shi, kuma wataƙila ba wanda ya taɓa ce masa tsayawa a bayan 'yarsa ba zai rage masa girma ba. Shin yana da wa ko kawu da yake raye?